Daga Sulusi Zuwa Alƙibla: Kundin Aikin Koyar da Lissafi Tare da Tarbiyyar Ruhi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na fara aikin da na shafe hutun zangon farko ina shiryawa, kuma na ɗaura niyyar rubuta abin da ya gudana a wannan kundi, mai daɗi da marar daɗi, domin abokan aikina da suka nemi in riƙa sanar da su halin da ake ciki. Ina koyar da lissafi a wata makarantar jeka-ka-dawo a cikin birnin Katsina, kuma ajin da na zaɓa shi ne aji ɗaya na babbar sakandare, mai ɗalibai 58 maza da mata, biyar daga cikinsu Kiristoci.

Abu biyu ne suka tura ni ga wannan aiki. Na farko wani yaro ne da ya kasa tara rabi da kashi ɗaya bisa uku a gwajin zangon da ya wuce, alhali kuwa na taɓa jin sa a zauren malaminsa bayan magariba yana jero rabon magada da ka, daga rabi da rubu'i da sumuni har sulusi biyu da sulusi da sudusi, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A wurinsa waɗannan kalmomi na zaure ne, lambobin da nake rubutawa a allo kuma na boko ne, bai taɓa tunanin abu ɗaya ba ne. Na biyu ya fi damuna, wato satar amsa. Yaran da ke rige-rigen sahun farko a masallacin makaranta su ne waɗanda nake kamawa da takarda a cikin safa ranar jarrabawa, kuma idan na yi musu magana sai in ga ba su ɗauki abin a matsayin ha'inci ba, domin a ganinsu lissafi fage ne da idon Allah bai shiga ba.

Na zauna da shugaban makaranta mun yi sharaɗi uku. Ba zan fita daga manhaja ba, tun da waɗannan yara za su fuskanci jarrabawar WAEC da NECO nan da shekara biyu. Darasi ɗaya kawai a mako zan ware wa wannan hanya. Kuma duk wata mas'ala ta fiƙihu sai malamin addinin Musulunci na makarantar ya duba ta kafin in shiga aji da ita, saboda ni malamin lissafi ne, ba ni da hurumin ba da fatawa.

Laraba, 22 ga Janairu

Darasin farko bai tafi yadda na zata ba. Na rubuta ma'anar aya ta 5 ta Suratu Yunus a saman allo, inda Allah ya ce ya ƙaddara wa wata masaukai domin a san adadin shekaru da lissafi, na ƙara da aya ta 5 ta Suratur Rahman da ke cewa rana da wata suna tafiya bisa lissafi, sannan na yi bayani na kusan minti goma sha biyar. Ajin ya yi tsit irin shirun da ake yi a wurin wa'azi, kowa ya sunkuyar da kai cikin ladabi. Da na goge rabin allo na koma kan aikin ranar, sai fuskokin suka koma yadda na saba ganinsu, na baya suka ci gaba da kwafar na gaba. Ɗaliban nan biyar kuma sun zauna kamar baƙi a ajinsu, abin da ya tsaya mini a rai har na koma gida.

Na gane cewa wa'azi na yi sannan na koyar da lissafi, biyun ba su taɓa juna ba. Daga mako mai zuwa ba zan sake buɗe darasi da jawabi ba, zan shiga da matsalar da ba ta warwaruwa sai da lissafi, wadda kuma haƙƙin wani mutum ya rataya a kanta.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau na ga alamar hanya. Na shiga aji na ce wata mata ta rasu ba ta bar ɗa ba, ba ta bar iyaye ba, ta bar mijinta da 'yan'uwanta mata biyu shaƙiƙai, abin da ya rage bayan jana'iza da biyan bashi kuma naira 700,000 ne. Na tambaya nawa ne rabon miji, yaron nan na zaure ya ɗaga hannu ya ce rabi, bisa aya ta 12 ta Suratun Nisa'i. Rabon 'yan'uwa mata biyu kuma sulusi biyu, bisa aya ta 176. Na ce to a raba. Suka ba miji 350,000, suka nemi sulusi biyu na dukiyar suka ga ya haura 466,000, suka tara suka ga jimillar ta wuce abin da mamaciyar ta bari. Wata yarinya ta ce, "Malam, kuɗin ba su isa ba." Wani ya ce a ba miji nasa cikakke, matan su ɗauki saura, nan take 'yan matan ajin suka ƙi yarda, suka ce don me za a fara da shi. Na bar su suka yi gardama na ɗan lokaci, domin tun da na fara koyar da su ban taɓa ganin sun damu da amsar lissafi har haka ba.

Sannan na sa suka mayar da rabi da sulusi biyu kan ƙasa ɗaya, suka sami uku bisa shida da huɗu bisa shida, jimilla bakwai bisa shida. Na gaya musu cewa irin wannan mas'ala ta taso a zamanin halifancin Sayyidina Umar, ya shawarci sahabbai, aka tsaya a kan abin da malaman gado ke kira aulu, wato a raba dukiyar kashi bakwai maimakon shida, miji ya ɗauki uku, 'yan'uwa mata su ɗauki huɗu, ta yadda ragin zai shafi kowa gwargwadon rabonsa. Miji ya tashi da 300,000, matan suka tashi da 400,000, babu wanda aka fifita, babu wanda aka danne.

Abin da ya fi faranta mini shi ne lokacin da na rubuta "asalin mas'ala" a gefe ɗaya na allo, na rubuta LCM, wato lamba mafi ƙanƙanta da wasu lambobi ke rabawa ba saura, a ɗaya gefen, na ja layi tsakaninsu. Yaron nan ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Malam, ashe shi ne?" Na ce shi ne. Na nuna musu cewa asalan da malamai suka ƙidaya, 2 da 3 da 4 da 6 da 8 da 12 da 24, ba wani abu ba ne illa ƙananan lambobin da rabe-raben nan shida ke haɗuwa a kansu, kuma uku ne kawai daga cikinsu ke yin aulu: 6 tana hawa zuwa 7 ko 8 ko 9 ko 10, 12 tana hawa zuwa 13 ko 15 ko 17, 24 kuma tana hawa zuwa 27 kaɗai. Na ba su aikin gida da mas'alar da aka fi sani da Mimbariyya, wadda ake danganta amsarta ga Sayyidina Aliyu, mai mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, in ga ko za su gano da kansu cewa 3 da 16 da 4 da 4 sun zama 27, kuma sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara.

Na rufe da ba su labarin Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, a zamanin halifa Ma'amun. A gabatarwar littafin ya faɗi cewa ya rubuta shi ne don abin da mutane ke bukata a gado da wasiyya da rabon dukiya da shari'a da ciniki da awon ƙasa, kuma kusan rabin littafin mas'alolin wasiyya da gado ne. Darasin da suke gudu da sunan boko, sunansa ma daga wannan littafi ya fito.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Makonni biyu muka yi a kan awo da zakka. Na sa kowane ɗalibi da zai iya ya zo da mudun da ake awo da shi a gidansu ko a shagonsu, muka cika kowanne da gero muka juye a kofin awo na ɗakin gwaje-gwaje. Mudu tara aka kawo, kuma ba a sami uku da suka zo daidai da juna ba, ɗaya ma an bubbuga gindinsa ya shige ciki. Na sa suka lissafa abin da mai saye zai yi asara idan aka rage masa kashi biyar cikin ɗari a kowane mudu, yana sayen mudu biyu kullum har shekara, suka sami mudu 36 da rabi. A nan ne wata ɗaliba ta karanto farkon Suratul Muɗaffifina da kanta, ban nema ba, kuma ɗaya daga cikin ɗaliban Kirista ya ce a Littafin Karin Magana, sura 11 aya ta 1, an ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Na roƙe shi ya maimaita da ƙarfi yadda kowa zai ji. Tun daga ranar ya daina zama a kujerar baya.

A kan zakka mun bi rubu'in ushiri, wato biyu da rabi cikin ɗari na kuɗi, da ushiri a amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, da rabin ushiri a wadda aka shayar da wahalar ban ruwa. Mun warware nisabin hatsi, ausuƙi biyar, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi huɗu, suka sami mudu 1,200. Amma zakkar dabbobi ce ta fi ba da darasi, domin ba ta tafiya a miƙe kamar ta kuɗi. Daga tumaki 40 zuwa 120 ɗaya ake fitarwa, daga 121 zuwa 200 biyu, don haka da muka zana ta a takardar giraf sai ta fito kamar matakalar bene, kuma wannan ne karo na farko da suka ga zanen da ba layi ɗaya ba ne. Wani yaro Bafulatani da ba ya yawan magana ya gyara mini a kan shanu, ya ce a 30 ana ba da tabi'i, wato ɗan maraƙi, a 40 musinna, wato macen da ta girme shi, a 70 ɗaya-ɗaya, a 120 kuma ko tabi'i huɗu ko musinna uku. Na tambaye shi me ya sa 120 ce ta fara karɓar hanya biyu, ya yi shiru, sannan wani daga gefe ya ce ai LCM ɗin 30 da 40 ke nan.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Za a rufe makarantu a jihar saboda azumi, don haka na yi amfani da darasin ƙarshe a kan kalanda. Wata yana kammala zagayensa a kimanin kwana 29.53, watanni 12 suna ba da kwana 354 da ɗoriya, shekarar rana kuma 365 da kusan rubu'i, bambancin kusan kwana 11. Suka raba suka ga azumi yana zagaya damina da hunturu da bazara ya dawo inda ya faro a kimanin shekara 33, kuma suka lissafa da kansu cewa a 2030 Ramadan zai shigo sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Ɗaliban Kirista sun kawo ƙa'idar bikin Ista, Lahadin farko bayan cikar hasken wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, wadda ta ba da 20 ga Afrilu a bana.

Wani ɗalibi ya zo da saƙon WhatsApp mai ƙirga haruffan Alƙur'ani yana fitar da abin da ya kira mu'ujizar lambobi, ya nemi mu yi shi a aji. Na ƙi, kuma na gaya masa dalili. Wanda ya riga ya san amsar da yake so, yana zaɓen abin da zai ƙirga yana barin abin da bai dace ba, zai iya fitar da kowace lamba daga kowane littafi, kuma imanin da aka ɗora a kan irin wannan ƙirga yakan girgiza ranar da wani ya sake ƙirgawa. Na nuna masa abin da ke da tushe a tafsiri, aya ta 25 ta Suratul Kahfi mai shekara 300 da ƙarin tara, wadda Ibn Kasir ya bayyana da bambancin shekarar rana da ta wata. Ya ninka 300 da 365.24 ya raba da 354.37 ya sami 309 da 'yan kai, ya tafi da wannan.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Katsina tana kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a 'yan kwanakin nan rana tana bi ta tsakiyar kanmu sosai, kamar yadda za ta sake yi a tsakiyar Agusta. Mun kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a filin makaranta, muka daidaita ta da zare mai dutse irin na magina, muka riƙa auna inuwarta kowane minti goma daga ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Inuwar ta yi ta raguwa har wajen 12:28, inda ta shige ƙarƙashin sandar kusan gaba ɗaya, yara suna duba ƙafafunsu suna neman tasu inuwar. Da ta fara leƙowa ta gabas na ce musu wannan shi ne zawali da suke karantawa a babin lokutan salla. Da yawansu sun ɗauka tsakar rana ƙarfe 12 ne daidai, sai muka lissafa cewa agogon Najeriya an ɗora shi a kan layin digiri 15 gabas, Katsina kuma tana wajen digiri 7.6, kowane digiri minti huɗu, wanda ya ba da jinkirin kusan rabin sa'a.

Ɗalibai goma sha ɗaya sun dawo da yamma da izinin iyayensu. A mazhabar Malikiyya la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, kuma tun da yau inuwar zawali kusan babu, sai muka jira inuwar sandar ta cika mita ɗaya, ta kuwa cika jim kaɗan bayan ƙarfe uku da rabi. Tsawo ɗaya, inuwa ɗaya, kusurwar rana digiri 45, abin da suka haddace a matsayin tan 45 daidai da 1 ba tare da sun taɓa ganinsa a ƙasa ba. Ba mu gama naɗe zaren awo ba muka ji kiran salla daga masallacin unguwa. Tsohon mai gadin makaranta, wanda ya tsaya yana kallonmu tun farko, ya ce mini, "Malam, mu da ƙafa muka koya, tsawon mutum tafin ƙafarsa bakwai ne." Na ce, "Baba, zo ka nuna musu." Ya juya wa rana baya, ya sa alama inda inuwar kansa ta tsaya, ya taka yana ƙirgawa a hankali, yara suna binsa da ido.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na daɗe ina ɗokin wannan darasi saboda na ɗan garinmu ne. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi malami ne Bakatsine da ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin masanin tarihin nan Abdurrahman Aljabarti. A 1732 ya rubuta wani aiki da Larabci a kan yadda ake gina murabba'in lambobi mai gidaje mara, wanda kowane layi nasa, a tsaye da a kwance da a karkace, yake ba da jimilla ɗaya. A cikinsa ya gargaɗi ɗalibi da kada ya yanke ƙauna idan abin ya ƙi fita, ya kwatanta mai neman wannan ilimi da masoyin da ba ya cin nasara sai da naci. Babu ɗalibi ko ɗaya a ajin da ya taɓa jin sunansa, alhali wasunsu kullum suna wucewa ta gindin hasumiyar Gobarau a hanyarsu ta zuwa makaranta.

Mun gina mai gida tara, 4 da 9 da 2 a sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa, kowane layi 15. Na tambaye su me ya sa dole 15, suka tara 1 zuwa 9 suka sami 45 suka raba uku. Da wannan hanya suka gano cewa mai gida 25 dole ya ba da 65, kuma na bar musu gina shi a gida.

Laraba, 14 ga Mayu

Ranar Litinin mahaifin wata ɗaliba ya zo makaranta da littafin 'yarsa a hannu, ransa a ɓace, ya ce ya turo ta koyon lissafi ne, ga shi ana koya mata zana hatimi irin na 'yan tsibbu da masu duba. Kuskurena ne, kuma na amsa shi a gabansa da gaban shugaban makaranta. Na san sarai cewa a ƙasar Hausa wannan zane ba a littafin lissafi aka fi saninsa ba, a cikin laya aka san shi, kuma Alkashinawi kansa ya rubuta shi ne a cikin ilimin asirai na zamaninsa. Ɗokin in nuna wa yara malamin garinsu ya sa na tsallake wannan ban faɗa ba, kuma ban kai darasin ga malamin addini ba saboda na ɗauke shi lissafi zalla, wanda hakan saɓa wa sharaɗin da na ɗauka ne tun Janairu.

Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, da na yi bayani tun farko da ba ka sha wannan tafiya ba." Na zana murabba'in a gabansa na nuna masa daga inda 15 ta fito, cewa tara lambobi ne da rabawa, babu sunan aljani, babu haruffa, babu wani abu da ake nema da shi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gane, amma bai yarda 'yarsa ta ci gaba da zana shi ba. Na karɓi wannan, na ba ta wani aiki a madadinsa.

Yau na koma aji tare da malamin addini muka faɗi abin da ya kamata a faɗa tun makon jiya: tsarin lambobin gaskiya ne kuma ana iya tabbatar da shi, amma jingina masa ikon kawo arziki ko kare cuta magana ce ta daban wadda lissafi bai ce komai a kanta ba, kuma malamai da yawa sun yi hani da ita. Na ga amfanin wannan rana fiye da yadda na zata, domin yara sun yi tambayoyi masu kyau a kan bambancin abin da aka tabbatar da hujja da abin da aka ji ana faɗa. Duk da haka na cire murabba'in daga jerin darussan da zan ba sauran malamai, sai an rubuta masa gabatarwar da iyaye za su gani tukuna.

Laraba, 28 ga Mayu

Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, a 27 ko 28 ga Mayu da misalin 12:18 agogon Makka, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da misalin 12:27. Makka tana gabanmu da sa'a biyu, don haka a nan 10:18 na safe ne, kuma duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla. Jiya ranar yara ce ba a yi karatu ba, yau kuma gari ya wayi da hadari a gabas, na fita da yara ina fargabar za mu koma hannu rabbana. Da misalin 10:10 gajimaren ya yage, inuwar sandarmu ta fito sarai, muka ja layi a kanta da gawayi a daidai lokacin, muka aza kamfas da ma'aunin kusurwa. Rukuni uku suka auna, suka sami 69 da 70 da 72 daga arewa, lissafin da na yi a gida kuma ya ba da kimanin digiri 70.

A bakinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas idan zai yi salla. Yara sun yi mamakin ganin cewa gabas ta ainihi digiri 90 ce, alƙiblar Katsina kuma ta karkata arewa da ita da kusan digiri 20, a nisan kimanin kilomita 3,500. Nan da nan wasu suka ce za su je su auna masallacin unguwarsu. Na hana su, kuma malamin addini ya ƙarfafa ni da cewa wanda yake nesa da Makka fuskantar sashen Ka'aba ake nema gare shi, ba tsakiyar gininta ba. Na ƙara musu da cewa tsakanin awonsu uku ma akwai bambancin digiri uku, kuma wanda bai san iyakar kuskuren ma'auninsa ba bai kamata ya je yana gyara wa dattawa sahu ba. Rukunin da ya sami 72 sun so su goge su rubuta 70 da suka ji amsata, na ce su bar abin da suka gani, su rubuta a ƙasa abin da suke zaton ya jawo bambancin. Suka rubuta cewa sun aza kamfas ɗin kusa da ƙarfen tutar makaranta.

Laraba, 18 ga Yuni

Na yi gwajin tsakiyar zango a makon jiya, kuma na gama duba takardun daren jiya. A tambayoyin kashi-kashi da na kaso cikin ɗari da na kusurwar tafiya, ajin ya fi yadda yake a Disamba a fili, yaron nan na zaure ma bai faɗi ko ɗaya a kashi-kashi ba. A sauran sassan manhaja, musamman lissafin logaridim, ban ga wani canji ba, kuma ba zan ƙirƙiro masa alaƙa da addini don kawai ya shiga wannan aiki ba.

Kafin a fara gwajin na gaya musu cewa duk wanda bai san amsa ba ya rubuta "ban sani ba" ya nuna inda ya tsaya, zan ba shi maki a kan matakan da ya bi daidai, kuma na tuna musu cewa Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya shahara da faɗin wannan kalma idan aka tambaye shi abin da bai tabbatar ba. Takardu goma sha huɗu sun zo da ita, wasu sau biyu. Na kama mutum biyu da satar amsa, kuma na san akwai waɗanda ban gani ba, don haka ba zan ce matsalar ta kau ba. Ɗaya daga cikin biyun ya same ni a ofis bayan an tashi, ba tare da na kira shi ba, ya ce, "Malam, na tauye mudu."

Abin da ke gabana yanzu shi ne awon alƙibla na biyu a ranar 15 ga Yuli da ƙarfe 10:27, idan damina ta bari, kuma rukunin da ya sami 72 sun nemi a ba su dama su sake nasu nesa da ƙarfen tuta. Malamar lissafi ta ƙaramar sakandare ta karɓi darasin mudu da na gado za ta gwada a aji uku, na kuma roƙi ɗaliban Kirista su kawo mini misalan ushiri da na awo daga littafinsu kafin ƙarshen wata, domin in sa su cikin takardun tun daga farko a zango mai zuwa. Gabatarwar darasin Alkashinawi tana hannun malamin addini, ya ce zai dawo mini da ita ranar Litinin.